Yadda za ka gane hannun mai tsara kiɗan fim da kunnenka: mu ɗauki Nisar Bazmi na Pakistan

Yawancinmu idan waƙar fim ta burge mu sunan wanda ya rera muke riƙewa, wani ma bai kai nan ba, fuskar jarumin da ke motsa baki a allo kawai ya sani, shi kenan. Amma akwai mutum ɗaya da ke zaune a bayan fage, shi ya ƙirƙiro karin waƙar, shi ya ce sarewa ta shigo nan, ganga ta dakata can, shi ya zaɓi muryar da za ta ɗauki waƙar, kuma shi ne ba a cika ambata ba. A masana'antar fim ta Indiya da Pakistan ana ce masa daraktan kiɗa. To wannan rubutun na masu son su koyi bin sawun irin wannan mutumin ne, har ta kai in an saka waƙar da ba ka taɓa ji ba ka ce anya wannan ba hannun wane ba ne? Na zaɓi Nisar Bazmi saboda rayuwarsa ta ratsa ƙasashe biyu, kuma ya yi aiki da manyan muryoyin Pakistan kusan duka, don haka darasin yana fitowa fili a kansa.

Fara da sanin mutumin, ko da sama-sama

Kada ka tsallake wannan, don in ba ka san inda mutum ya fito ba kunnenka ba zai san abin da zai nema ba. Sunansa na yanka Syed Nisar Ahmed, an haife shi a 1924 a yankin Khandesh, wanda yanzu yake cikin jihar Maharashtra ta Indiya, lokacin Turawan Ingila na mulki kuma babu wata ƙasa mai suna Pakistan tukun. Gidansu ba gidan kiɗa ba ne, kuma a can wannan babban abu ne domin kiɗan gargajiyarsu gado ne, ɗa ya karɓa daga uba, almajiri ya karɓa daga malami. Tun yana yaro ya shiga wata ƙungiyar masu ƙawwali a Bombay (Mumbai ta yau), wato waƙoƙin bege na Sufaye da ake yi da tafi da amshi, daga baya ya zauna gaban Ustad Aman Ali Khan ya koyi kiɗan gargajiya mai ƙa'ida, sannan a 1939 gidan rediyon All India Radio ya ɗauke shi aiki. Ka riƙe waɗannan ukun, ƙawwali da malami da rediyo, za ka ji su a waƙoƙinsa.

Fim ɗinsa na farko shi ne Jumna Paar a 1946. Daga nan ya yi ta aiki a Bombay shekara da shekaru, finafinai da yawa, amma gaskiyar magana ƙanana ne, irin na faɗa da tatsuniya masu ƙaramin jari, manyan kamfanoni ba su waiwaye shi ba. Abin mamakin shi ne mutanen da suka ratsa ta hannunsa. Laxmikant da Pyarelal, waɗanda daga baya suka mamaye kiɗan finafinan Indiya, sun yi aiki a matsayin makaɗa a ƙarƙashinsa kafin su tsaya da ƙafarsu a 1963. Anand Bakshi ma, marubucin waƙoƙin nan da ya shahara, fim ɗin da ya fara rubuta wa waƙa, Bhala Aadmi na 1958, Bazmi ne ya yi masa kiɗa. Shahararren mawaƙin finafinan Indiya Mohammed Rafi ya rera masa. Duk da haka shi kansa bai ɗaga ba.

A 1962 ya ƙaura Pakistan, ya riga ya doshi shekara 40, ka ga ba cikin guguwar rabuwar Indiya da Pakistan ta 1947 ya tafi ba kamar mutane da yawa, ya yi shekara 15 a Indiya bayan an raba. Furodusa Fazal Ahmad Karim Fazli ne ya ba shi aikin farko, Aisa Bhi Hota Hai, wanda ya fito a 1965. Wannan shekarar ka sa mata alama, domin a cikinta aka gwabza yaƙi tsakanin Indiya da Pakistan, bayan yaƙin aka haramta nuna finafinan Indiya a sinimomin Pakistan, sai kasuwa ta zama ta finafinan cikin gida, musamman na sitidiyoyin birnin Lahore. Mutumin da Bombay ta ajiye a layin baya sai ga shi a gaba-gaba a Lahore cikin 'yan shekaru.

Nemo waƙoƙin, amma ka yi hattara

YouTube ne babbar ma'ajiya, ba sai an faɗa ba, amma akwai tarko kala-kala a wurin kuma su ne suke ɓata wa mai koyo kunne.

Na farko, masu ɗora waƙoƙin sunan mawaƙi da na jarumi suke rubutawa, da wuya su sa na mai kiɗa, wani lokacin ma su sa ba daidai ba. Maganinsa shi ne ka nemo fim ɗin kansa, da yawa suna nan cikakku, ka kalli mintunan farko inda ake jera sunaye, a nan za ka ga wanda ya yi kiɗa da wanda ya rubuta baitoci. In da haruffan Urdu aka rubuta kada ka tsorata, wanda ya saba da baƙaƙen Larabci zai iya lalubo sunan, ai tushensu ɗaya, 'yan ƙarin haruffa ne kawai. Hoton tsohon faifai ma hujja ne mai kyau, kamfanin EMI na Karachi ne ya fitar da mafi yawansu kuma a jikin faifan ana buga sunayen.

Na biyu, rubutun sunaye da boko ba shi da tsayayyar ƙa'ida. Lakhon Mein Aik za ka gan shi da Ek, za ka ga Main a maimakon Mein, to ka riƙa juya rubutun in bai fito ba. Kuma ka riƙa haɗawa da shekara da kalmar Pakistan, domin sunayen finafinai suna karo da na Indiya sosai. Misali in ka rubuta Umrao Jaan kawai, na Indiya na 1981 zai fito maka, wanda Khayyam ya yi wa kiɗa, alhali kai kana neman Umrao Jaan Ada na 1972 na Lahore, labari ɗaya ne daga tsohon littafin Mirza Hadi Ruswa amma fim daban, kiɗa daban.

Na uku shi ne wanda ya fi ba ni haushi wallahi. Duk inda ka ga an rubuta Jhankar a jikin waƙa ka wuce, kada ma ka danna. A zamanin kaset ne kamfanoni suka riƙa ɗaukar tsofaffin waƙoƙi suna ɗora musu wani bugun inji da amsa-kuwwa a kai don su yi ƙara a mota da kasuwa, to wannan bugun yana danne tabla ta ainihi, wato 'yan gangunan nan biyu da ake kaɗawa da hannu, yana danne ƙananan kayan kiɗan da kake son ji, ka saurari waƙa sau goma ba ka ji aikin mai ita ba. Haka ma sababbin maimaici, suna da daɗinsu, Ali Sethi ya sake rera ɗaya daga cikin waƙoƙin Bazmi a shirin waƙoƙi na Coke Studio a 2017 kuma ta yi kyau, amma ka ajiye su sai daga baya. Tsohon ɗauka nake so ka nema, ko da yana ɗan shuu.

Jera su bisa shekara

Ka buɗe jerin waƙoƙi naka na kanka, ka tsara su daga tsohuwa zuwa sabuwa, kada ka bar manhajar ta riƙa yi maka zaɓi. Ɗauko biyu ko uku daga zamanin Bombay, wadda Rafi ya rera a Khoj na 1953 ta isa misali. Sai Aisa Bhi Hota Hai 1965, Lakhon Mein Aik 1967, Saiqa 1968, Andaleeb 1969, Anjuman 1970, Tehzeeb 1971, sai na 1972 wato Umrao Jaan Ada da Mohabbat. Wannan kaɗai ya ishe ka aikin makonni. Ka samu littafi ko ka buɗe wurin rubutu a waya, kowace waƙa ka rubuta shekara, fim, mawaƙi, marubuci, da abin da ke faruwa a fim ɗin lokacin da aka saka ta. Wannan na ƙarshen mutane suna raina shi amma daraktan kiɗa ba don kansa yake tsara waƙa ba, darakta ne ke zuwa ya ce masa ga yarinya an raba ta da masoyinta tana tsaye bakin kogi, ko ga mai rawa a gaban attajirai zuciyarta na wani wuri, shi kuma ya nemo karin da zai ɗauki wannan halin.

Yadda ake sauraron

Da abin kunne, ba da lasifikar waya ba, don Allah. Kuma kowace waƙa sau uku a jere.

Karon farko ka ji ta kawai kamar kowa. Karo na biyu ka manta da mawaƙin, ka bi abin da ke faruwa a inda ya yi shiru. Waƙoƙin nan gininsu kusan ɗaya ne, akwai kiɗan buɗewa, sai amshi wanda suke kira mukhra ko asthai, sai kiɗan tsakiya, sai baiti wato antara wanda yawanci yake hawa sama, sai a dawo amshi. To wannan kiɗan tsakiyar nan ne filin mai tsarawa, nan zai nuna maka ko shi waye. Ka lura me ya shigo, tarin goge irin na Turawa ne, sarewa ce, sitar ce mai tsirkiya da yawa, ko sarangi mai kukan nan kamar muryar mutum, kuma ka lura ko kiɗan tsakiya na farko da na biyu iri ɗaya ne ko ya canza. A nawa kunnen Bazmi yana son cika wuri da goge masu yawa, abin da ya taho da shi daga Bombay, amma yana janye su da zarar murya za ta shigo, ba ya barin su yi kokawa da mawaƙi. Sai kuma dawowa daga baiti zuwa amshi, nan ake gane gwani, wani sai ka ji kamar an faɗo daga bene, shi kuwa yana sauko da kai a hankali har ka tsinci kanka cikin amshin ba ka san lokacin da aka iso ba.

Karo na uku ka ƙirga bugun. Kiɗansu yana tafiya ne a zagaye da suke kira taal, kuma ba sai ka zama gwani ba kafin ka kama manyan. Keherwa bugu 8 ne, shi ya fi yawa a finafinai. Dadra 6 ne, yana da ɗan rangaji. Rupak 7, teentaal 16. Ka sa yatsa a gwiwa kana ƙirgawa har ka ji inda tabla ke dawowa farkon zagaye da ɗan nauyi, in ka kama wannan wurin sau ɗaya to kunnenka ya buɗe. Ka tuna kuma yadda ake ɗaukar waƙoƙin a lokacin, a sitidiyoyin Lahore irin su Shahnoor da Evernew makaɗa da mawaƙi duk a tare suke, a yi ta gwaji sannan a ɗauka gaba ɗaya, in mai sarewa ya kuskure a ƙarshe kowa ya koma farko. Shi ya sa za ka ji waƙar tana numfashi, tana ɗan sauri tana ɗan lafawa, babu kwamfutar da ta daidaita ta.

Batun raag kuwa kada ka matsa wa kanka da farko. Ka dai san cewa kowane raag wani tsari ne na sautuka da hanyar hawa da sauka, da lokacin da ya dace da shi. Ɗaya kawai ka koya, Yaman, raag ɗin farkon dare, ka nemi wani malami yana rera shi a fili na minti biyar, sannan ka koma ka saurari waƙar Bazmi mai suna Ranjish Hi Sahi, za ka ji inda aka ɗebo ta.

Gwaji mafi muhimmanci: mutum ɗaya, muryoyi huɗu

In lokacinka kaɗan ne to wannan kaɗai ka yi. Ka ɗauki waƙoƙin Bazmi guda huɗu da mawaƙa huɗu suka rera ka saurare su a zama ɗaya.

Noor Jehan tukun, wadda suke kira sarauniyar karin waƙa, a Lakhon Mein Aik. Fim ne a kan soyayyar yarinya 'yar Hindu da saurayi Musulmi a Kashmir bayan rabuwar ƙasa, Shamim Ara da Ejaz suka fito. Muryar Noor Jehan babba ce, mai nauyi, mai faɗi, sai ya ba ta dogayen layuka masu hawa inda za ta ja sauti ta riƙe. Sai ka juya ga Ahmed Rushdi a Andaleeb, inda jarumi Waheed Murad ke motsa baki, muryar nan mai sauƙi da wasa, nan layukan gajeru ne, suna tsalle, kiɗan ya karkata ga na zamani. A wannan fim ɗin ma akwai garaɓasa, waƙa ɗaya ce Rushdi ya rera ta cikin nishaɗi, Noor Jehan ta sake rera ta cikin baƙin ciki, kari ɗaya, amma ka ji abin da aka canza a gudu da kayan kiɗa har ta zama kamar wata waƙa daban. Wannan ɗin ka maimaita shi sosai.

Na uku Runa Laila a Anjuman, fim ɗin darakta Hassan Tariq wanda jaruma Rani ta fito a matsayin mai rawa da waƙa a gidan manya. An haifi Runa a 1952, ka ga ke nan ba ta ma cika 20 ba a lokacin, murya siririya mai saurin juyawa, shi kuma ya tsara mata waƙoƙin rawa masu ƙararrawar ƙafa da tabla mai zafi, ya bar mata ƙananan lanƙwasa da tsohuwar murya ba za ta yi su da wannan saurin ba. Bazmi ya ci kyautar Nigar ta gwarzon mai kiɗa da wannan fim, kamar yadda ya ci da Saiqa a 1968, kuma Nigar, wadda aka kafa a 1957, ita ce babbar kyautar finafinan Pakistan a wancan zamanin.

Na huɗu Mehdi Hassan a Mohabbat, wato Ranjish Hi Sahi ɗin da na ambata, baitocin Ahmad Faraz ne. Nan kusan komai ya lafa, an bar kalmomi su yi aiki. Mutane da yawa har a Pakistan da Indiya sun ɗauka Mehdi Hassan ne ya tsara ta da kansa saboda yadda ya riƙa rera ta a taruka yana ja yana ƙawata ta har ta ninka tsawonta, amma karin na Bazmi ne, na fim ne. Ka saurari ta fim ɗin, gajeriya, sannan ka saurari ta taro, duk abin da ya rage bai canza ba a tsakaninsu to shi ne aikin mai tsarawa.

Abin da za ka gano shi ne mutumin kamar tela yake, sai ya auna mai sakawa kafin ya yanka yadi, shi ya sa da farko za ka rantse mutane huɗu ne suka yi waƙoƙin. Sai ka ci gaba da saurare sannan abin da ya haɗa su zai fara fitowa, yadda amshi ke zama a baki tun jin farko, yadda baiti ke hawa ba tare da ihu ba, da wannan saukowar da na faɗa. Ko Urdu ba ka ji za ka kama wannan, amma in ka samu fassarar baitocin ka karanta, zai taimaka ka ga kalmar da ya zaɓa ya ɗora wa nauyi.

Sa shi kusa da tsaransa

Ba ka gane hannun mutum sai ka ga na wasu. Ka jefa waƙa ɗaya ɗaya ta Khwaja Khurshid Anwar, wanda kiɗansa ke da wani kaɗaici da duhu-duhu, da Rasheed Attre wanda ya rasu a 1967, da Sohail Rana na fim ɗin Armaan 1966, da Robin Ghosh na Aina 1977, da M. Ashraf wanda ya fi su yawan aiki. Dabara mai kyau ita ce ka riƙe mawaƙi ɗaya, a ce Mehdi Hassan, ka canza masu tsarawa. Daga nan ka ba wani wayarka ya riƙa saka maka su a hargitse kana cankar mai kiɗan. Za ka faɗi da yawa da farko, ba komai, musamman tsakanin Bazmi da Robin Ghosh ni dai ina ganin sun fi saurin rikita mutum saboda dukkansu masu son goge ne.

Bi shi har inda aikin ya ja baya

Kada ka tsaya a shekarun daɗi. In ka ci gaba da jerin za ka ga finafinan suna raguwa bayan tsakiyar shekarun 1970, kuma dalilan ba nasa ba ne shi kaɗai. A 1971 Gabashin Pakistan ta ɓalle ta zama Bangaladesh, kasuwar Dhaka ta tafi, Runa Laila ma ta koma can a 1974. A 1977 Janar Zia-ul-Haq ya karɓi mulki, aka tsaurara dokokin tace finafinai da na rajistar furodusoshi, ga bidiyo ya shigo gidaje mutane na kallon finafinan Indiya a ɗaki, iyalai suka rage zuwa sinima. Bayan Maula Jatt na 1979 sai finafinan Punjabi na sara da suka suka karɓe kasuwa, irin fim ɗin Urdu na soyayya da zamantakewa da ke buƙatar kiɗan Bazmi ya ja baya. Ahmed Rushdi da Waheed Murad duk sun rasu a 1983.

A wannan zangon sai ka karkata bincikenka zuwa talabijin, domin ya yi wa PTV, gidan talabijin na gwamnatin Pakistan, waƙoƙin kishin ƙasa, akwai wadda Alamgir ya rera mai suna Khayal Rakhna da har yau ake sakawa a bukukuwan ƙasar. Ka saurare ta kusa da na Anjuman ka ji yadda kayan kiɗan lantarki suka maye gurbin tarin makaɗan nan, amma ginin amshin bai canza ba. Gwamnati ta ba shi lambar yabo ta Pride of Performance a 1994. Ƙarshen rayuwarsa a Karachi ya yi shi yana koyar da matasan mawaƙa, ya rasu a can ranar 22 ga Maris 2007. Akwai hirarrakin da aka yi da shi a talabijin yana tsoho, da Urdu ne, amma ka neme su ko don wuraren da yake jawo harmoniyom, ɗan akwatin nan mai madannai da ake hura wa iska da hannu ɗaya, ya rera waƙarsa da muryarsa ba makaɗa ba kowa, nan za ka ji karin tsurarsa yadda ya fara kai wa mawaƙi a ɗakin gwaji. In ka gama da shi sai ka buɗe sabon jeri da Khurshid Anwar, shi ma ya fara a Bombay kafin ya dawo Lahore, sai dai nasa waƙoƙin sun fi tsufa don haka neman ɗauka mai tsabta zai ɗan ba ka wahala.